Ranau Baushe da Dayin Dutsen Gagara

A zamanin da, tun kafin fatake su fasa hanyar da ta bi ta gindin Dutsen Gagara, akwai wani ƙauye a kwarin da ke yamma da dutsen, ana ce masa Gwazari. Yau ko kufainsa ba a iya nunawa, sai wasu tsofaffin kukoki da tsingaron da ruwan sama kan tono. Mutanensa manoma ne, dawa da gero da wake su ne abincinsu. Suna kuma da maharbi guda wanda sunansa ya kai nesa, shi ne Ranau ɗan Tarana, wanda ake kira Baushe kamar yadda ake kiran maharba. Da sunan uwarsa ake kiransa, domin ubansa ya mutu a dawa tun yana ciki, ɓauna ta kashe shi.

Masu ba da tarihi sun ce Ranau ba dogo ba ne, ba kuma mai yawan magana ba. Mutum ne siriri, baƙi, mai ƙananan idanu, wanda in yana tafiya ko busasshen ganye ba ya kuka a ƙarƙashin ƙafarsa. In ya dawo daga dawa da nama, makaɗa kan tarye shi a bakin gari suna cewa:

"Ranau na Tarana, kibiya ɗaya nama ɗaya! Raɓa, ba a jin saukarki sai a ga jiƙa! Taɓo mai kama ƙafar giwa!"

Babu dajin da bai shiga ba a ƙasar nan, in ban da kan Dutsen Gagara. Wannan kuwa ba shi kaɗai ba, babu maharbin da ke hawansa. Dutse ne wanda gajimare ke zama a kafaɗarsa rani da damina, kuma tun kakanni ake faɗi cewa sanyin da ke samansa yana fasa dutse, ƙayar da ke can kuma jini take sha.

Matar Ranau sunanta Kumatu. Yayanta, Nomau, shi ne Sarkin Noman Gwazari, ƙaƙƙarfan mutum mai faɗin ƙirji, wanda ake yi wa kirari da "Garma uwar rumbu, kunya ta fi ƙarfin rago." A hannunsa irin shukar gari yake. Yana da wani tulu da yake tara iri kowane launi a ciki, har da acca da tamba da ya taɓa samowa wurin mutanen tudu, ya liƙe bakinsa da yumɓu.

Ana nan sai fara ta zo. Ta sauko da rana tsaka kamar hadari, lokacin da gero ke fitar da kai, ta tashi ta bar gonaki fayau kamar an share. Mutane suka yi haƙuri, suka ci abin da ya rage a rumbu. Da damina ta zagayo suka sake shuka, fara ta sake dawowa, wannan karon har ɓawon itatuwa ta ci. Namun daji suka watse. Aka koma cin tafasa da ƙwallon goruba, mata suna tonon gidan tururuwa don neman 'yan ƙwayoyin hatsi. Aka fara binne tsofaffi da yara.

A cikin waɗanda aka binne har da autar Nomau. Tulun iri yana ɗakinsa, a bayan gadon da yarinyar ta kwanta ciwo, bai fasa shi ba. Ya san in aka cinye iri, ko fara ta tafi gari ya mutu. Daga ranar da ya rufe ta da ƙasa ba a ƙara jin dariyarsa ba.

Dattawa suka fara shawarar a watse, kowa ya nufi garuruwan kudu ya ba da kansa bauta a bakin abinci. Kumatu a lokacin tana goyo, nononta ya soma ƙafewa.

Wata safiya Ranau ya je wani gulbi da ya koma taɓo, ya laɓe ko Allah zai kawo ko da gada ce. Babu abin da ya zo sha sai ƙudan zuma. Yana kallonsu don rashin abin kallo, sai ya lura ƙafafunsu ɗauke suke da garin fure. Ya dubi gabas da yamma, ƙasa duk ta zama toka, babu ko ciyawa ɗaya mai fure. Ya zauna ya bi su da ido. Duk wanda ya sha ya tashi, sai ya miƙe sama, ya nufi Dutsen Gagara.

Ya koma gida ya ɗauki takalmansa na fatar ɓauna da warkinsa da kwari da baka. Kumatu ta dube shi, ta dubi inda ya fuskanta, ta gane.

Ta ce, "Baushe, ba a hawan dutsen nan."

Ya ce, "Ƙudan zuma na hawa, kuma ba da yunwa suke saukowa ba."

Sai ta ɗauko ragowar garin goruba da ta ɓoye wa kanta, ta ƙulle masa a tsumma. Ya ƙi karɓa. Ta ce, "In ka faɗi a hanya, ni da yaron nan mun faɗi tare da kai. Karɓi." Ya karɓa.

Hawan ya ɗauke shi kwanaki. Ya wuce inda itatuwan da ya sani suka ƙare, ya shiga wurin da ba ya jin kukan kowane tsuntsun da ya saba ji. Birai suka yi ta mirgino masa duwatsu. Ya ratsa cikin gajimare, jikinsa ya jiƙe ba tare da an yi ruwa ba, haƙoransa suna kaɗawa. Da ya fito ta samansa sai ya ga rana tas, ya waiwaya ya ga gajimaren shimfiɗe a ƙasansa kamar auduga a kan tabarma. Garin goruba ya ƙare tun a tsakiyar hanya.

Da ya kai ƙarshen hawan sai ya tsaya cik. Kan dutsen ba tsini ba ne kamar yadda ake gani daga ƙasa, fili ne mai faɗi, kuma duk iyakar ganinsa ƙaya ce. Ya san dayi, 'yar ƙayar nan mai fure da raƙuma ke ci a kwari, wadda ba ta wuce idon sawu. Wannan danginta ce, amma ta kai masa ƙirji. Ganyenta dogaye ne masu tsage-tsage, samansu kore, ƙasansu fari kamar an barbaɗa gari, kowane tsage da tsininsa kamar allura. Karanta ma ƙaya ne tun daga ƙasa. A kan kowane kara akwai fure mai girman dunƙulen hannu, launin shunayya, ƙudan zuma sun rufe shi. Ƙugin da suke yi kamar ana niƙa a gari guda. Fara ba ta iya sanyin wurin ba, ba ta hawo ba. Ƙayar nan ce ake kira dayin dutse har yau.

Ranau ya kutsa ciki. Bai yi nisa ba ƙayar ta keta warkinsa, ta huda fatar ɓaunan da ke ƙafarsa kamar ganye. Ya koma baya jini na bin ƙwaurinsa, ya zauna a kan wani falalen dutse, yunwa ta sa yana ganin abu ɗaya biyu.

A nan ne ya ga wata beguwa. Maharban Takasannu, garin da ke wurin a yau, suna rantsuwa cewa ta kai girman maraƙi, kuma tsufa ya mai da ƙayoyin jikinta fari fat. Tana gindin wata dayi tana tono, ta fito da saiwa mai kauri kamar damtse, tana ci. Ranau ya ɗana kibiya ya ja baka har kunne. Nama ne da zai ishe shi ya ishi gidansa.

Beguwar ta ɗago kai ta dube shi, ta yi magana da muryar tsohuwa.

"Baushe, in ka sake ta, ka ci yau ka ci gobe. In ka mai da ita cikin kwari ka biyo ni, jikokinka ma sun ci."

An ce ya daɗe da bakan a ja. Maharbi mai yunwa bai saba sauraron nama ba. Daga bisani ya sassauta tsirkiya, ya mai da kibiyar.

Ta shiga wata kafa a ƙarƙashin ƙayar, hanyar da beguwoyi suka daɗe suna bi, shi kuma ya bi ta da rarrafe. Suka yi ta tafiya har gwiwoyinsa suka sale. Can sai suka ɓulla wani kwari a tsakiyar ƙayar, mai gajeriyar ciyawa da ƙasa baƙa wuluk. A gindin gangaren gabas wani idon ruwa na ɓuɓɓugowa, garai-garai, sanyinsa na sa haƙori tsami. A tsagogin duwatsun da ke kewaye saƙar zuma ce ke rataye, fara sol, tana ɗiga.

Beguwar ta ce, "Ga ruwa, ga ƙasa, ga zuma. Duk ƙayar nan ce ta haife su. Ku ci saiwarta, ku sare inda za ku kafa ɗaki. Abu ɗaya ne kawai, kada wuta ta taɓa ta."

Ya sunkuya ya sha ruwa. Da ya ɗago babu ita. Tun daga ranar zuriyar Ranau ba sa harbin beguwa, ba sa cin namanta.

Ya sauko Gwazari da salka cike da zuma da damin saiwa a ka. Zumar aka lasa wa yara, waɗanda suka daina kuka don rashin ƙarfi suka soma kuka. Saiwar kuwa da aka gasa aka ɗanɗana, sai kowa ya tofar. Ɗacinta ya fi na maɗaci, waɗanda suka daure suka haɗiye kuma suka yi ta amai. Wani dattijo ya ce, "Abincin beguwa ka kawo mana, Ranau? Zuma ba ta riƙe gari."

Kumatu ce ta kwashe saiwar da aka zubar ta kai bayan ɗakinta. Ta feƙe ta, ta yayyanka, ta tafasa ta zubar da ruwan, ɗaci na nan. Ta shanya ta daka, ɗaci na nan. Sai ta tuna yadda ake kashe tsamin yakuwa, ta tace ruwan toka ta jiƙa saiwar a ciki ta bar ta ta kwana, ta wanke, ta sake tafasawa. Da ta ɗanɗana sai ta ji ta yi laushi kamar gwaza. Ba ta ba kowa ba. Ta ci ita kaɗai, ta zauna a inuwa tana jiran abin da zai same ta. Rana ta yi, rana ta karkata, ba ta ji komai ba sai nauyin ƙoshi da ta manta da shi. Kafin a jima nononta ya kawo, ta ba ɗanta ya sha har ya yi barci. Sannan ta tuƙa tuwon saiwar ta ɗauka ta kai dandali, ta ajiye a gaban dattawa, ta ce, "Iyayena, ga abincin beguwa."

Duk da haka gari ya rabu biyu. Mafi yawa suka ce ba za su bar ƙasa su koma cikin gajimare ba, suka nufi kudu, ba a sake jin labarinsu ba. Sauran suka ce sai abin da Sarkin Noma ya ce. Nomau ya tambayi Ranau abu ɗaya.

"Baushe, ƙasar wane launi ce?"

Ya ce, "Baƙa ce, Yaya. In ka dunƙula ta ba ta wargajewa."

Nomau ya shiga ɗaki ya fito da tulun iri a kafaɗa.

Suka hau da tsofaffi a goye da awaki a gaba. A bakin ƙayar Ranau ya yanka duk fatun da ya tara a rayuwarsa, har da ta wani zaki da ya taɓa kashewa, ya naɗe ƙafafun mata da yara. Maza suka faɗaɗa hanyar beguwa da adduna. Shi yana gaba, yana waiwayowa yana cewa, "Ku taka sannu. Ku taka sannu." Maganar ta bi layi daga baki zuwa baki har ta kai na ƙarshe. Da suka fito kwarin suka ga ruwa, sai wata tsohuwa ta ce, "To, mun iso Takasannu." Sunan ya zauna.

Zaman farko ya yi wuya. Sanyi ya kashe rabin awakin. Dawa da gero da aka shuka suka yi tsawo suka ƙi fitar da kai. Amma acca da tamba, waɗanda Nomau ya ajiye shekara da shekaru ba tare da ya san ranarsu ba, suka yi kyau har suna kwanciya. Kumatu ta gano cewa in furen dayi ya bushe yakan zama wata farar auduga mai laushi, mata suka riƙa tara ta suna cusawa tsakanin fatu biyu, yara suka daina tari. Suka koyi feƙe ɗanyen karan suna ba yara su tauna kamar takanɗa. Suka gina ɗakunan dutse masu ƙananan ƙofofi. Mahara kuwa, da labarin garin ya kai gare su, sun hawo sau ɗaya, suka iske ƙaya ta fi ganuwa, suka juya.

Shekaru suka wuce, gari ya cika. Aka yi haihuwa, baƙi kuma suka yi ta hawowa daga kwari. Filin da ke tsakiyar ƙayar ya yi kaɗan. Saran dayi da hauya aiki ne mai cin rai, domin saiwarta tana nutsewa ƙasa fiye da tsawon hannu, kuma in aka bar guntu sai ta sake tohowa. Nomau ya riƙa tsayawa yana duban gangaren gabas, wanda ke saman idon ruwa, inda ƙasa ta fi ko'ina kyau.

Wata rana ya sami Ranau yana gyaran kibau a ƙofar gida.

Ya ce, "Baushe, bakuna sun ƙaru, gona ba ta ƙaru ba. Rumbunan bana ba za su kai mu kaka ba. In rani ya yi zan sa wa gangaren can wuta."

Ranau ya ce, "Yaya, da sharaɗi aka ba mu wurin nan."

"Wa ya ji sharaɗin in ba kai ba? Mutum mai yunwa yana jin murya ko a bakin dutse. Ban ce ka yi ƙarya ba. Amma ni na san abin da na gani da idona. Na haƙa rami na sa 'yata a ciki. Ba zan sake tsayawa ina kallon ƙasa baƙa tana ciyar da ƙaya, yara suna ramewa ba."

Ranau ya san maganar Nomau ba ta banza ba ce. Ya ce kawai, "Ka ba ni rani ɗaya in nemo mana wani kwarin." Kumatu ma ta je ta durƙusa gaban yayanta ta roƙe shi. Ya ce mata ya ji.

Ranau ya tafi neman kwari ta arewacin dutsen, ya daɗe. Rani ya tsananta, dayi ta bushe ƙayau, hadarin farko ya soma haɗuwa, shi bai dawo ba. Nomau ya ga in ya ƙara jira shukar bana ta wuce. Ya tara samari, aka sa wuta.

Waɗanda suka gani sun ce audugar furen ta tashi sama tana ci da wuta kamar taurari da rana. Ƙudan zuma suka taso daga tsagogi suka yi duhu, suka tsallaka dutsen suka tafi. Ranau ya hango hayaƙin daga nesa, ya juyo da gudu, ya iske gangaren gabas baƙi ƙirin tun daga sama har bakin ruwa. Bai kuma samo kwarin da ya tafi nema ba.

Aka shuka gangaren, shuka ta fito kamar ba a taɓa gani ba, mutane suna ta sa wa Nomau albarka. Da damina ta yi tsakiya aka shiga marka, ruwa ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa. Wata la'asar sai aka ji ƙara kamar aradu, amma daga ƙasa take fitowa. Gangaren gabas ya zame gaba ɗaya. Saiwar da ke riƙe da ƙasar ta mutu ta ruɓe, ba abin da ya tare ta. Laka da duwatsu suka gangaro suka tafi da gonar, suka rushe ɗakunan da ke kusa, suka binne idon ruwa. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, don ruwan ya tara mutane a zauren Ranau da ke can yamma. Da gari ya waye, inda gona take sai jan dutse tsirara.

Aka yi ta tono ba a sami idon ba. Da damina ta ɗauke, mata suka koma sauka wani kwazazzabo mai nisa da tuluna, su fita da safe su dawo rana ta karkata. Wata mai ciki ta zame a hanyar, ta rasa cikin. Daga nan zukata suka ɓaci. Aka taru a dandali, samarin da suka riƙe wa Nomau bakin wuta su ne kan gaba wajen cewa a kore shi daga dutsen. Nomau yana zaune a ƙasa, ya tuɓe hularsa, bai kare kansa ba.

Ranau ya miƙe. Ba a saba jin muryarsa a taro ba, saboda haka kowa ya juyo gare shi.

Ya ce, "Duk wanda bai taɓa cin tuwon acca a garin nan ba, shi ya fara jifansa. Mutumin nan ya kwana da iri a bayan gadonsa 'yarsa na mutuwa, don ku ku ci. Yunwarku ce ta sa shi ya ɗauki wuta, kuma da shuka ta fito na ji bakunanku. In zai sauka, ni ne zan riƙe masa kaya, mu sauka tare."

Taro ya watse.

Nomau bai gode masa ba, bai ma dube shi ba. Washegari aka gan shi a gangaren shi kaɗai, yana zagayawa yana duba. A wani gefe ya iske wasu duwatsu da suka gitta gangaren tun asali, da 'yan dayi kaɗan a jikinsu waɗanda wuta ta tsallake. A bayansu ƙasa ba ta tafi ba, ta taru ta kwanta lif kamar gado. Ya daɗe a tsugune a wurin.

Daga ranar ya fara jera duwatsu a gicciye, layi bisa layi kamar matakala. Ya riƙa ɗebo ƙasa a kwando daga inda ta zube yana mayarwa bayan kowane layi. Sannan ya je yamma inda dayi ke nan da ranta, ya tono ƙananan, ya kawo ya dasa a bakin duwatsun. Da hannu tsirara yake yi. Wasu sun ce saiwar ƙaramar dayi ba ta son ƙarfe, sai yatsa ne ke iya bin ta ba ta karye ba. Wasu sun ce shi ne ya ɗora wa kansa haka. Kowace yamma yakan dawo hannuwansa sun kumbura kamar ba nasa ba, Kumatu ta zauna ta cire masa ƙayoyin da tsinke, ta shafa masa kakin zuma. Ba ta taɓa ce masa "na gaya maka" ba. Da ta ga ba zai bari ba, sai ta ɗauki kwando ta bi shi.

Sannan wata safiya mutane suka ga abin da ba a taɓa gani ba. Ranau ya rataye bakansa a zaure, ya fito da gammo, ya je ya tsaya kusa da Nomau ya ce, "Yaya, ɗora mini." Maharbi ba ya noma, ba ya dako, haka al'ada take tun fil'azal. Nomau ya dube shi, ya ɗauki dutse ya ɗora masa. Kafin rana ta take samari sun fito, kunya ta koro su. Kafin mako ya zagayo abin ya zama gayya, makaɗa suna kiɗa, mata suna kai fura.

Damina ta zo ta wuce, dashen ya kama, ruwa bai dawo ba. Wata ta sake zuwa, matakalar ta riƙe ƙasa, aka shuka acca a bayan kowane layi, aka girbe fiye da abin da tsohon filin ke bayarwa, ruwa bai dawo ba. Dayi ta girma ta yi fure, ƙudan zuma suka soma komowa kaɗan kaɗan. Mata dai suna ta sauka kwazazzabo. Nomau ya tsufa a kan gangaren, bayansa ya ranƙwafa, idanunsa suka yi rauni, yatsunsa suka ƙage ba sa miƙewa.

A wani rani, lokacin da ko'ina ya bushe, yana bin layin ƙasa yana lalube da hannu don ya ji inda dutse ya goce, sai tafinsa ya faɗa cikin danshi. Ya tsaya. Ya kira Kumatu, wadda ke bayansa da kwando.

"Ƙanwata, zo ki duba mini. Idona ba ya gani. Jini ne ko ruwa?"

Ta zo ta duba, ta ajiye kwandon, ta ce, "Ruwa ne, Yaya."

Ya ture dutsen, ruwa ya biyo hannunsa, siriri da farko, sannan ya yi ƙarfi. Ba a tsohon wurin ya fito ba, ya ɓullo ne a gindin matakalar, ƙasa da inda yake a da. Kumatu ta rangaɗa guɗa, gari ya kwaso da gudu. An ce a ranar ne aka sake jin dariyar Nomau, yana zaune cikin laka, ruwa na bin gwiwoyinsa.

Dattawa suka ce a sa wa idon sunan Ranau, tunda shi ya kafa gari. Ranau ya ƙi. Ya ce, "Ni nuna mini aka yi. Wannan kuwa da hannunsa ya dawo da shi." Shi ya sa har gobe ake ce masa Idon Nomau, kuma tsofaffin garin sun ce ba su taɓa jin ya ƙafe ba.

Nomau ne ya fara rasuwa, Ranau ya bi shi ba da daɗewa ba, aka binne su kusa da juna a saman gangaren. Kumatu ta rayu har ta goyi tattaɓa-kunne, ita ce kuma ta kafa al'adar da ake kira Dashe. Kowace shekara, in hadarin farko ya haɗu, ba mai sa iri a ƙasa sai an yi ta. Sarkin Noma kan tuɓe hula ya dasa dayi ta farko, Sarkin Baka, shugaban maharba, na riƙe masa da dutse, sannan kowane gida ya fito, babba da yaro, kowa ya dasa tasa a bakin gonarsa. Ba a sa hauya, ba a naɗe hannu. Wanda ya yi wata ɓarna a cikin shekarar, ko ya ɓata da ɗan'uwansa, shi ake ba layin da ya fi tsawo, kuma wanda aka ɓata wa shi ke cire masa ƙaya da yamma. In an gama wannan, magana ta mutu.

Saboda haka in ka je kasuwannin da ke gindin Gagara, ka miƙa wa mai sayar da farar zuma hannu, ka ji tafinsa da ƙananan tabo birjik kamar an watsa acca, ba sai ka tambaye shi garinsu ba. Ka ce masa kawai, "Yaya ruwan Nomau?" Zai ce maka, "Yana gudu."